Lissafin Kasuwa da Lissafin Aji

Jawabin da aka gabatar a babban zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ranka ya daɗe Shugaban taro, Malam Firinsifal, iyayenmu tsofaffin malamai waɗanda Allah ya ja da ransu har suka ga wannan rana, malaman da ke riƙe da alli a yanzu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu, ko ma in ce jikokinmu, da ke zaune can baya cikin kayan makaranta, barkanmu da war haka.

Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan koyar da lissafi da koyonsa. Na lura tun da mai gabatarwa ya ambaci kalmar lissafi wasu 'yan ajinmu suka fara duba agogo. Ku kwantar da hankalinku, yau ba wanda za a kira gaban allo.

Abin da ya sa kwamiti ya zaɓi wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, akan sami yaro ya ci darussa bakwai ko takwas, amma lissafi ya kayar da shi. Da wannan faɗuwa guda an rufe masa ƙofar likitanci, da injiniyanci, da haɗa magunguna, da aikin jinya, da ilmin kwamfuta, da akanta. Uba ya sake biyan kuɗin jarrabawa, a sake faɗuwa. Daga nan wani ya haƙura da karatun, wata a ce zaman ya isa haka, wani kuma a kai shi irin cibiyoyin nan da ake sayar da amsa, ya fito da takarda mai kyau da kai fanko. Kowannenmu a nan ya san gida aƙalla ɗaya da haka ta faru.

To, amma ga abin mamaki. Ku je tasha ku tsaya wajen yarinya mai talla, 'yar shekara 10. Ku ɗauki ƙulli 7 na gyaɗa a kan naira 35 kowanne, ku miƙa mata naira 500. Kafin ka mayar da hannu aljihu ta ce maka canjinka naira 255. Ka kai wannan yarinya aji, ka rubuta mata 35 × 7 a allo, ba mamaki ta rubuta maka 2135, domin 7 sau 3 ya ba ta 21, 7 sau 5 ya ba ta 35, ta jera su gefe da gefe. A tasha ba za ta taɓa cewa kuɗin gyaɗar naira 2,135 ne ba, don ta san abin dariya ne. A aji kuwa alƙaluman ba su da wata ma'ana a wurinta, saboda haka kowace amsa daidai take da kowace.

Ba mu kaɗai ke ganin haka ba. A shekarar 1985 wasu malaman jami'a a birnin Recife na ƙasar Brazil sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan yara masu sayar da kaya a bakin titi. Sun riƙa sayen kaya a wurinsu kamar kowane mai ciniki, yaran suka ci kusan dukkan lissafin. Da aka rubuta musu alƙaluman nan dai a takarda, ko rabi ba su ci ba. A 2025 kuma wata tawaga da ta haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, ta buga irin wannan bincike a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Suka tarar da abu guda, har da ƙari: 'yan makarantar da suka iya lissafin takarda su kuma sun daburce da aka ba su lissafin ciniki. Wato kogi ne tsakanin kasuwa da aji, kuma ba gada. Maganata duka a yau a kan wannan gada take.

Bari in fara da malamai, tare da neman afuwa, domin a cikin zauren nan akwai waɗanda suka koya mini riƙe fensir.

Idan ka tambayi mai tallan nan yadda ta yi, za ta ce maka ƙulli 3 naira 105 ne, 6 ke nan 210, a ƙara ɗaya 245. Canji kuma ba ta ɗebe kome daga kome ba. Daga 245 ta hau zuwa 250, daga nan zuwa 300, daga nan zuwa 500, ta tara 5 da 50 da 200. Wannan hanya ingantacciya ce, babu malamin jami'ar da zai kushe ta. Malamin da ya fara darasi da tambayar yara yadda za su yi abin a ka, ya rubuta hanyoyinsu biyu ko uku a allo, sa'an nan ya nuna musu cewa tsarin littafi gajerta wannan aikin ne kawai, ya riga ya ci rabin yaƙi.

Harshenmu ma kansa cike yake da lissafi. Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya, yana nufin 19, ko ɗari ba biyu, yana nufin 98. Yaron da ya tashi yana jin haka, in ka ce masa 19 × 6, ka tuna masa cewa ashirin ba ɗaya ne: ashirin sau shida 120, a cire shida ɗaya, saura 114. Haka 98 × 7: ɗari bakwai ba goma sha huɗu, 686. Ranar da zai haɗu da c(a − b) = ca − cb a aji biyu, sai ka ce masa ai tsohon abokinka ne ya sa rigar Turawa. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri biyar-biyar suke jan sa suna tarawa, har a kai keso guda, wato wuri 20,000, ba takarda ba alƙalami.

Ku dubi kuma kashe-kashe, inda yara da yawa ke fara rabuwa da lissafi har abada. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri. Ɗan manomi ya san cewa a dami 10 na gonar damina ana fitar da 1, na noman ban ruwa kuma rabin haka. Ɗan ɗan kasuwa ya ji ana cewa rubu'in ushiri a zakkar kuɗi. Rubu'in ushiri kashi ne na kashi, 1/4 sau 1/10, wato 1/40, wanda shi ne 2.5 cikin 100. Ga darasin mako guda a cikin kalmomi biyu da yaro ya saba ji a zauren gidansu. Idan yaro ya rubuta maka 1/2 + 1/3 = 2/5, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan babi, kada ka yi saurin jan jar biro. Tambaye shi: rabin naira 30 nawa ne? 15. Humusi biyu na naira 30 fa? 12. To, yaya aka yi kana da rabi, aka ƙara maka sulusi, sai kuɗinka ya ragu? Bar shi ya yi shiru ya yi tunani. Wannan shirun ya fi bayanin minti goma amfani.

Alƙaluman da ke ƙasa da sifiri kuma bashi ne, ba wani abu ba. Kana da naira 300, ana bin ka 500, matsayinka −200. Har dokar nan da muka haddace ba tare da mun san dalilinta ba, cewa ragi sau ragi ƙari ne, bashi yana warware ta. Mutum uku suna bin ka naira 50 kowanne, dukkansu suka yafe. An cire maka bashi uku, arzikinka ya ƙaru da 150.

Aljabara fa, wadda sunanta kaɗai ke sa yara zazzaɓi? Sunan ya fito ne daga littafin da Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajejen shekarar 820. Kalmar jabr a Larabci ita ce gyara abin da ya karye, irin aikin mai ɗori. Babban kaso na littafin nan kuwa a kan rabon gado da wasiyya yake. Ashe tun asali don warware matsalar gida aka yi ta. Ka kawo sikeli aji, ko ka zana shi. Buhu 2 masu nauyi ɗaya da dutsen kilo 3 a hannu guda, kilo 11 a ɗaya hannun, sikeli ya daidaita. Kowane yaro zai ce a cire kilo 3 daga kowane gefe, a raba 8 biyu, buhu kilo 4 ne. Ya warware 2x + 3 = 11 ke nan. Ni ban yarda da koya wa yaro cewa lamba tana tsallake alamar daidai ta canza alama ba. Lamba ba ta da ƙafa. Abin da ka yi wa hannun dama ka yi wa na hagu, shi ke nan dokar, kuma wanda ya riƙe ta ba zai ruɗe ba ranar da lissafin ya yi tsawo.

Lissafin siffofi kuwa a fili ya kamata a fara shi. Ka ɗauki igiya ka yi mata ƙulli a taku 3, da 4, da 5, yara uku su ja ta, kusurwar gini ta fito tsaf kamar yadda magina ke fitar da ita. Bayan haka a koma aji a ga cewa 9 da 16 sun ba da 25. Ka sa kowane yaro ya zo da faifai ko murfin tukunya, ya auna kewayensa da zare, ya auna faɗinsa, ya raba. Babba da ƙarami, duk za su sami uku da ɗan wani abu, kusan uku da subu'i. Wanda ya gano 22/7 da hannunsa ba zai manta da ita ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda na san tana da masu ra'ayi iri-iri. Yaro da yawa ba lissafin ne ya kayar da shi ba, Turancin tambayar ne. Ya san "product" a matsayin kayan kamfani, sai ga shi a lissafi yana nufin sakamakon ninkawa. A shekarun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare na shekara 6 da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Jarrabawarmu da Turanci ake yin ta, wannan ba gardama. Ra'ayina shi ne malam ya warware ma'anar da Hausa har ya ga idanun yara sun buɗe, sa'an nan ya rubuta da Turanci, ya sa su maimaita kalmomin har su zauna. Minti biyar na Hausa ba zai rage wa kowa Turanci ba.

Game da bulala, Allah ya saka wa iyayenmu malamai da alheri, ta gyara mana tarbiyya, amma ban san wanda ta koya wa doguwar rabawa ba. Yaron da ya san za a doke shi in ya faɗi kuskure, shiru zai yi, ko ya kwafa daga na kusa da shi. Kai kuma malam ka rasa hanyar sanin inda ya ɓace. Tambayar da ta fi kowace amfani a ajin lissafi ita ce, yaya ka yi ka sami wannan? A yi ta ga wanda ya ci, a yi ta ga wanda ya faɗi. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungary, George Polya, ya fitar da ɗan littafi a 1945 a kan warware tambayoyi, inda ya kasa aikin huɗu: ka fahimci abin da ake tambaya, ka tsara hanya, ka bi ta, sa'an nan ka waiwaya ka duba. Mu a azuzuwanmu na uku kaɗai muke yi. Na farko da na ƙarshe su ne mai tallan nan take yi ba tare da an ce mata ba.

Yanzu sai ku, ƙannenmu na can baya. Ku ɗan matso da kunnuwanku.

Ba a karanta lissafi kamar littafin labari. Wanda ya kwanta a gado yana bin misalin malam da ido yana gyaɗa kai, kamar mai kallon masu iyo ne daga bakin kogi. Ka duba misali sau ɗaya, ka rufe littafin, ka ɗauki fensir ka yi shi da kanka daga farko. Inda ka tsaya cak, nan ne ainihin abin da ba ka sani ba, kuma nan ne karatunka na ranar. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu sun daɗe da tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi kafa shi a ka.

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya take lafawa, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama guda. Saboda haka darasin yau a yi aikinsa yau da dare a lokacin firef, a sake taɓa shi bayan kwana biyu, a sake bayan mako. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a huɗu ranar Asabar, balle kwana zaune da ƙafa cikin bokitin ruwa a daren jarrabawa, wanda na ga wasu dattawa a layin gaba suna murmushi da na ambata. Barci ma wani ɓangare ne na karatu. Kan da bai yi barci ba, 7 sau 8 ma sai ya tsaya tunani.

Ku riƙa gauraya tambayoyi. In ka yi tambaya 20 a jere duk na babi ɗaya, hannunka ne ke aiki, ba kanka ba, domin ka riga ka san hanyar kafin ka karanta. A zauren jarrabawa kuwa ba wanda zai faɗa maka babin da tambaya ta fito. Ka ɗebo biyu daga aikin yau, biyu daga na makon jiya, ɗaya daga na zangon da ya wuce. Ka kuma keɓe ɗan littafi na kurakuranka: tambayar, abin da ka yi, da dalilin da ya sa ba daidai ba ne. Bayan wata biyu za ka ga kurakuran naka ba su wuce iri huɗu ko biyar ba, suna ta sauya riga ne. Sa'an nan ka nemi wanda ka fi ka koya masa. Wanda bai iya bayyana wa ɗan aji ɗaya abu ba, shi ma bai gama gane shi ba.

Jadawalin ninkawa kam sai an haddace, har zuwa 12, ba makawa. Na'urar lissafi da wayar hannu suna da ranarsu, amma wanda ba ya iya kintace a ka, in yatsansa ya zame ya danna sifiri biyu, ba zai san an yi ɓarna ba. Kafin ka taɓa na'ura ka ce wa kanka amsar nan za ta faɗo wajen kaza. Ita wayar kuma, lokacin firef a ba ta hutu.

To, Shugaban taro, na ga wasu sun fara gyangyaɗi, bari mu ɗan wasa ƙwaƙwalwa. Ina roƙon malamai kada su ɗauki irin wannan a matsayin ɓata lokaci. Minti biyar na wasa ƙwaƙwalwa a farkon darasi shi ne lokacin da yaron da ya yanke ƙauna ga kansa yake iya kayar da na ɗaya a aji, kuma daga ranar ba zai koma yadda yake ba.

Ga ta farko. Littafi da biro tare naira 1,100. Littafin ya fi biron tsada da naira 1,000. Nawa ne biron? Na ji ana cewa 100 daga ɓangaren manyan 'yan kasuwanmu. In biro 100 ne, littafi 1,100 ke nan, jimla 1,200. Biron naira 50 ne, littafi 1,050. Ba ƙarancin ilmi ya kayar da mu ba, gaggawa ce da rashin waiwaye.

Ta biyu. Kwaɗo ya faɗa rijiya mai gaba 10. Da rana yakan hau gaba 3, da dare ya zame gaba 2. Kwana nawa zai yi ya fito? Mai sauri zai ce 10. Amma bayan kwana 7 yana gaba na 7, a rana ta 8 ya hau 3 ya kai baki, kuma kwaɗon da ya fito ba ya komawa don ya zame.

Ta uku ta masu albashi ce. Attajiri ya ce ka zaɓa: ko ya ba ka naira miliyan 1 kullum har kwana 30, ko ya ba ka naira 1 yau, 2 gobe, 4 jibi, yana ninkawa har kwana 30. Na farko miliyan 30 ne. Na biyu, a rana ta 30 kaɗai za ka karɓi naira 536,870,912, jimlar watan kuwa 1,073,741,823. Wanda ya gane wannan ya gane yadda bashi mai ruwa ke cinye gida, da yadda annoba ke yaɗuwa, ya kuma gane dalilin da ya sa duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi kowane wata maƙaryaci ne.

Sai tsohuwar nan ta raƙuma 17. Mutum ya ce a ba babban ɗansa rabi, na tsakiya sulusi, ƙarami tusu'i. An rasa yadda za a yi ba tare da an yanka raƙumi ba. Wani dattijo ya zo wucewa, ya ƙara nasa suka zama 18, ya ba babba 9, na tsakiya 6, ƙarami 2, jimla 17, ya hau raƙuminsa ya tafi. Kada malam ya tsaya a dariyar. Ya sa yara su tara 1/2 da 1/3 da 1/9, za su sami 17/18, wato tun farko kason bai cika ɗaya ba, shi ya sa raƙumin dattijo ya tsira. Wannan labari ne kawai, ba rabon shari'a ba. Amma malaman gado sun san kishiyarsa ta gaske: mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu, 3/6 da 4/6 suka zama 7/6, kaso ya fi dukiya. Sai a raba dukiyar 7, miji 3, su 4, abin da ake kira auli. Ga kashe-kashe suna aiki a gaban alƙali.

Na bar wadda na fi so a ƙarshe, domin tamu ce. Ku zana gida tara, uku-uku, irin na hatimi. A zuba 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda kowane layi, a kwance, a tsaye, da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Yawancin yara za su yi ta gwaji suna gogewa har takarda ta huje. Bari su yi, sa'an nan ka tambaye su jimlar 1 zuwa 9. 45 ce. Layi uku ne a kwance, don haka kowanne 15. Wace lamba za ta zauna a tsakiya? Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Cire 45 daga 60, saura 15, wanda shi ne na tsakiya sau uku. Dole 5 ce a tsakiya, ba don malam ya faɗa ba. Daga nan sauran sai su faɗa wurarensu: 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Yaron da ya bi wannan ya ɗanɗana abin da masana ke kira hujja, kuma ita ce zuciyar lissafi.

Na ce tamu ce saboda wani malami Bakatsine, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje wajejen 1732. Ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741. Masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau, yaranmu kuwa ba su taɓa jin sunansa ba. A zamaninmu ma akwai Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Duk yaron da ya ce maka lissafi ba namu ba ne, ka ba shi waɗannan sunaye biyu.

Shugaban taro, ina da roƙo ga ƙungiya. Mun gyara azuzuwa, mun haƙa rijiyar burtsatse, Allah ya saka. Ina ba da shawara a bana mu ware wani abu don a riƙa gwada kowane sabon ɗalibin aji ɗaya a makonsa na farko a kan lissafin firamare: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da kashe-kashe. Wanda aka ga yana da giɓi a yi masa darasin yamma na zango guda, ƙungiya ta biya malaman alawus. Yaron da ya faɗi a aji shida, galibi tun firamare huɗu ya faɗi, ba a dai lura ba ne. Na biyu, a cikinmu akwai injiniyoyi, da masu awon ƙasa, da 'yan kasuwa, da teloli, da ma'aikatan banki. Kowane wata mutum ɗaya ya zo ya yi sa'a guda da yara, ya nuna musu lissafin da yake ci da shi. Ni na ɗauki watan farko, Sakatare ya rubuta.

Ga kuma aikin gida, ga yara da manya. Na ɗaya, a gina hatimi mai gida 25 da lambobi 1 zuwa 25. Na taimake ku da cewa jimlarsu 325 ce, sauran ku nemo. Na biyu, kana bakin rijiya da galan mai lita 5 da mai lita 3, ba su da wani zane a jiki, ana son lita 4 daidai. A miƙa amsa ga Malam Firinsifal kafin hutun zango, tare da bayanin yadda aka yi, don amsa ba bayani ba za a karɓa ba. Ɗalibi uku na farko akwai akwatin kayan lissafi da littafi daga aljihuna, kuma Edita ya yi alkawarin buga sunayensu a fitowa ta gaba. Tsofaffin ɗalibai suna iya shiga, amma ban da taimakon jikoki.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.